Dogon Ƙarfen da Ya Kawo Yamai Cikin Arewa

Matafiyin da ya taso daga Doso ya nufi Dogondutsi a kan babbar hanya, kafin ya hango rufin kwano ko hasumiyar masallaci, dogon ƙarfe ne ke fara tarbarsa: ja da fari, tsaye bisa tudu, igiyoyin waya sun riƙe shi ta fuska uku, ga jar fitila a ƙoli saboda jiragen sama. Yau irin waɗannan ƙarafa sun yi yawa har ido ya daina kula su, don kusan duk garin da ke cin kasuwa yana da na kamfanonin salula. Amma dattawan Arewa, wato yankin Dogondutsi, sun san zamanin da sai a yi tafiyar yini a ƙafa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, dukansu na gwamnati, kuma maganar da ke bi ta kansu daga Yamai take fitowa, ba ta komawa.

Gesheme ba ta bakin wannan hanya. Tana kudu da ita, cikin Dallol Mauri, tsohon kwarin kogin nan da ya ƙafe tun fil azal, wanda ya ratso ta Matankari da Dogondutsi ya gangara har wajen Gaya. Ƙaramar hukuma ce mai mutum fiye da dubu 100 a ƙidayar 2012, mazaunin sarautar Takassaba, kuma tun da aka yanke Tibiri daga Dogondutsi a 2011, Gesheme ta koma ƙarƙashinta tare da Dumega da Kore Mairuwa. Zaman kwari alheri ne ga manomi. Ruwa na kusa, rijiya ba ta da zurfi, rake da rogo da mangwaro suna yi. Ga mai neman tasha kuwa, kwari wahala ce.

Dalilin shi ne saƙon talabijin da na rediyon FM a miƙe yake tafiya, kamar hasken tocila: abin da ya tare shi ya tare shi. Ba ya bin lanƙwasar doron ƙasa, ba ya gangarawa fadama don neman mai sauraro. Ƙarfe mai tsawon mita 100 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana kai saƙo kimanin kilomita 40 kafin ƙasa ta ɓoye shi. In ana son nisan ya ninka, sai an ninka tsawon sau huɗu. Shi ya sa injiniyoyi ke neman tudu da dutse su ɗora ƙarfensu, su ci ribar tsawon da Allah ya riga ya gina. Shi ya sa kuma garin da ke gindin gangaren Dallol zai iya rasa hoton da wani ƙauye mafi nisa, amma a kan fako, yake kamawa tangaran. Tarihin yaɗa labarai a wannan yanki, rabinsa tarihin wannan tudu da wannan kwari ne.

Kafin ƙarfe, akwai Kaduna

Rediyo ya shigo Arewa ba tare da ya nemi ƙarfen kowa ba. Gajeren zango sama yake hawa, ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa da nisan ɗaruruwa ko dubban kilomita, don haka kwari da tudu duk ɗaya ne gare shi. Matsakaicin zango kuma da dare yake ƙara nisa. An buɗe Rediyon Nijar a Yamai a 1958, shekarar ƙuri'ar raba gardama da kafa jamhuriya, kuma daga baya Gudel, a gefen Yamai, ta zama mazaunin manyan injunan watsawa. Sashen Hausa na BBC ya riga shi da shekara guda, a 1957. A 1962 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, sannan Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963.

A nan ne matsalar gwamnatin Diori Hamani take. Ba'are da ya sayi akwatin rediyo, galibi da kuɗin gyaɗa ko na ci-rani, ba ya murɗa shi don ya ji Faransanci. Kaduna na ba shi Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa, tana ba shi Zaɓi Sonka da Jakar Magori, tana yi masa tafsiri da azumi, duk da harshen da yake mafarki da shi. Iyaka kuwa ga ta nan kusa: Kangiwa da Kamba da Argungu ba baƙin wurare ba ne, can ake aure, can ake cin kasuwa. Mutumin Gesheme na wancan lokaci yana iya sanin rigimar siyasar Ikko fiye da sunan ministan da ke kula da gonarsa a Yamai. Ga gwamnatin da ta haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, ta kuma ga mayaƙanta sun tsallako iyakoki a 1964, kunnen talaka da ke fuskantar waje ba abin wasa ba ne.

Amsar farko da Nijar ta bayar ta fi duk waɗanda suka biyo bayanta hikima, a ganina. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Malamin lakwal ko ma'aikacin jinya shi ne jagora a ƙauye. Da dare a tara mutane su saurari shiri a kan wani batu, iri ko haraji ko rijiya ko kai yara makaranta, sannan a buɗe muhawara, jagora ya ɗauki muryoyinsu a rikoda ya aika Yamai. A can a tace, a haɗa, a sake watsawa da Hausa da Zabarmanci. Manomi ya ji muryarsa, ko ta maƙwabcinsa, tana fitowa daga akwati. Ba a rasa tacewa ta siyasa ba, gwamnatin jam'iyya ɗaya ce. Duk da haka magana tana zuwa tana komawa, da kaset cikin jaka a bayan mota, tun ba a kafa ƙarfe ko ɗaya a Dallol ba.

Talabijin kuwa ta ƙofar makaranta ta shigo. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara gwajin koyar da ƴan firamare ta allon talabijin a Yamai, daga baya aka faɗaɗa zuwa makarantu kimanin 20 a kewayen birnin. Nijar na cikin ƙasashen farko a Afirka da suka gwada haka. Da yake ƙauyukan ba su da lantarki, tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara kunna wasu akwatunan da farantin hasken rana, a ƙasar da Farfesa Abdou Moumouni ke jagorantar ofishin binciken makamashin rana na ONERSOL. A 1967 aka kafa ORTN, hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa. Talabijin ta makaranta ba ta yi tsawon rai ba, amma ta bar gado iri biyu: ma'aikatan da suka iya kyamara da injin watsawa, da kuma sanin cewa rana na iya kunna allo a inda wayar lantarki ba ta je ba.

Zamanin Kountche

Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da Diori, Seyni Kountche ya hau, Rediyon Nijar ya koma Muryar Sahel. Kuɗin yuraniyom na Arlit ya shigo a daidai lokacin, kuma cikin abubuwan da aka zuba shi akwai sadarwa. A 1979 Tele Sahel ta tsaya da ƙafarta a matsayin talabijin ta ƙasa, a farko ƴan kwanaki a mako, da yamma zuwa dare.

Kai hoto daga Yamai zuwa Damagaram, nisan kusan kilomita 900, ba aikin ƙarfe ɗaya ba ne. Sai aka jera ƙarafa a bin babbar hanya, Doso, Dogondutsi, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram, da wasu a tsakaninsu cikin daji. Kowane na ɗauke da faranti masu fuskantar juna, ɗaya yamma ɗaya gabas. Ya karɓi saƙo daga na bayansa, ya ƙara masa ƙarfi, ya miƙa wa na gabansa, kilomita 40 zuwa 60 tsakani, gwargwadon yadda ƙasa ta ba da dama. Layin tarho na gwamnati ma ta nan yake bi. A manyan garuruwa sai a sauke saƙon a ba injin da ke watsa shi ga gidaje. Wurare masu nisa irin Agadas da Diffa kuwa ta tauraron ɗan'adam aka kai musu. Raunin wannan tsari a fili yake: in ƙarfe ɗaya ya yi shiru a tsakiya, duk na gabas da shi sun yi shiru. Arewa, da yake ita ce ƙofar ƙasar Hausa daga yamma, duk hoton da Maraɗi ta gani ta kanta ya wuce.

To amma wa ke da akwatin kallo? A ƙauye, kusan babu. Sai gwamnati ta raba akwatuna na jama'a a ɗaruruwan garuruwa, kowane da farantin rana da batir, cikin akwatin ƙarfe mai kwado da aka ɗora bisa ƙafafu a dandali ko ƙofar gidan ƙungiyar matasa ta samariya. Da rana a rufe yake, batir na sha. Bayan magariba mai riƙe da mabuɗi ya zo ya buɗe. Yara a gaba cikin rairayi, samari a tsaye ta gefe, dattawa bisa tabarma, mata daga baya can inda haske bai kai ba. Ana zaman jiran labarun Hausa da na Zabarmanci, don Gesheme gari ne da ake jin harsunan biyu. Lokacin labarun Faransanci kuwa lokacin hira ne, sai mushen lakwal kaɗai ke cewa a yi shiru.

Gani ya kori ji, kuma Kountche ya san haka. Talakan da bai taɓa zuwa Doso ba ya ga shugaban ƙasa da idonsa, siriri cikin kaki, yana titsiye manyan ma'aikata a taro, yana faɗa musu abin da talaka ba zai iya faɗa ba. Wannan ya ƙara masa kwarjini fiye da jawabi ɗari. An ga makon samari, an ga wasan kwaikwayon Yazi Dogo da abokansa suna yi wa ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa da malami shaguɓe. Uwa uba aka ga kokowa. Gasar takobi ta ƙasa ta fara a Tawa a 1975, kuma jihar Doso ba baƙuwa ba ce a fagen: filin kokowar Doso sunan ɗan kokowa Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi. Daren da ɗan jiha zai kara, ko mai gyangyaɗi ba ya barin dandali.

Masu hali, ƴan kasuwa da alhazai da tsofaffin ma'aikata, suka fara sayen nasu. A nan iyaka ta sake nuna kanta ta hanyar da ba a zata ba. Nijar tsarin Faransa ta bi, wanda ake kira SECAM, Najeriya kuma PAL. Akwatin da aka sayo da araha a Sakkwato ko Kamba, in aka kunna masa Tele Sahel, sai ya ba da hoto fari da baƙi, murya kuma babu, sai shuuu. Tazarar da ke tsakanin hoto da sauti a tsarin biyu ba ɗaya ba ce. Masu gyaran rediyo na Dogondutsi da Gaya suka ci kasuwa, a buɗe bayan akwati a ƙara ɗan abin da zai sa ya ji yaren ƙasashen biyu. Wanda aka yi wa haka ya huta: ya kalli Yamai, in yanayi ya yi kyau ya juya ya nemi Sakkwato.

Juyawar ita ce aiki. Eriya a kan dogon gora ko bututun ƙarfe, an ɗaure da ginshiƙin zaure, kuma kowane mita da aka ƙara mata riba ce, don eriya mai tsawon mita 9 tana ƙara wa gida kusan kilomita 12 na hange. Yaro na waje yana murɗa gora, maigida na ciki gaban allo.

"Baba, ya fito?"

"Ƙara yamma kaɗan. Tsaya! Kai, ka wuce, dawo."

Iskar hadari ɗaya ta isa ta ɓata wannan saiti, gobe a sake. Batirin mota ne ke kunna akwatin, in ya yi sanyi hoto ya fara tsukewa daga sama da ƙasa, sai a ɗora shi a amalanke ko bayan keke a kai inda ake caji.

Abin da ke ci a gindin ƙarfe

Mai wucewa ƙarfen yake gani, alhali shi ne mafi sauƙin sha'ani a wurin. In an yi masa fenti, an ɗaure igiyoyinsa, an binne wayar da ke kai tsawa ƙasa, zai yi shekaru da dama a tsaye. Abin da ke mutuwa yana cikin ɗan ɗakin da ke gindinsa. Injin watsawa zafi yake fitarwa, a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, don haka sai da na'urar sanyaya ɗaki. Ƙurar hunturu na toshe matatun iska. Tsawar damina na ƙona kayan da sai daga Turai ake samo su. Inda babu kuran sai gurup, gurup kuma sai gazuwal, gazuwal kuma sai an sa hannu a takarda a wani ofis mai nisa. Sannan ga mutanen wurin: ma'aikacin da aka turo daga birni yana ƙirga watannin da suka rage a sauya masa wuri, da mai gadi ɗan gari, wanda yakan shuka ɗan wake ko kuɓewa cikin shingen, shi ne kuma ya fi kowa sanin ƙarar injin in ta canza.

Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, abin da aka fara yankewa shi ne wanda ba a gani: kayan gyara da mai. Kountche ya rasu a Nuwamban 1987, samariya ta bi bayansa a hankali, akwatunan dandali suka zama marayu. Batir ya mutu babu mai sayen wani, farantin rana ya yi ƙafa. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk wani abin da ake shigowa da shi. Ba wanda ya ba da sanarwar rufe talabijin ta jama'a. Gari bayan gari, wata rana dai ba a buɗe kwadon ba.

A wannan tsakanin ne baki ya buɗe. Taron ƙasa na 1991, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, ta rediyo aka bi shi, mutane suka ji ana tuhumar manyan jiya da sunayensu. Daga nan aka kafa hukumar kula da sadarwa ta CSC, aka ba masu zaman kansu izini. R&M ta fara a Yamai a 1994, Anfani ta biyo, Dogondutsi ma ta samu tata, Dallol FM. A 1999 aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare, can yamma, da hasken rana da ɗan ƙaramin injin da ke kai ƴan kilomitoci, kuma yau irinsa sun haura ɗari a faɗin ƙasar. Ƙarafansu gajeru ne, wasu ma ba su kai rimi ba. Amma abin da ke hawa kansu na gida ne: sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, cigiyar saniya mai fari a goshi, ranar allurar yara, gargaɗin kada a saki dabbobi kafin a kwashe amfanin gona, gaisuwar ɗan ci-rani daga Kwatano. Abin da kulob-kulob na 1962 suka fara da kaset, waɗannan ne suka gaje shi, ba babbar tashar gwamnati ba.

Sai salula. Celtel ta shigo Nijar a 2001, ta zama Zain, ta zama Airtel a 2010, Orange ta zo a 2008 daga baya ta koma Zamani. Cikin ƴan shekaru kamfanoni suka kafa ƙarafan da gwamnati ba ta kafa ba tun samun ƴancin kai, har cikin kwarin da injiniyoyin talabijin ke kauce wa, domin su ciniki suke bi, mutane kuma a kwari suke. Wayar ta haɗiye rediyon ma: ƙaramar Tecno ko itel tana kama FM, mai saurare kuma yana bugowa cikin shiri kai tsaye ya faɗi ra'ayinsa a kan magajin gari. Samari suna hawa tudu neman rezo a daidai wuraren da iyayensu suka san hoto ya fi fita.

Talabijin ta ƙasa ita ce aka bari a baya. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin ranar barin tsohon tsari a koma na dijital, wa'adin da yawancin ƙasashen yankin suka tsallake ba su shirya ba. Nijar ta kafa hukumar AND don ta riƙe ƙarafa da injunan watsawa, ORTN kuma ta koma RTN a 2022. Sabon tsarin na ɗaukar tashoshi da yawa a zango ɗaya, hotonsa garau. Sai dai ga mazaunin gefen zango yana da wani hali: tsohon tsari ko saƙo ya yi rauni kana ganin inuwar ƴan kokowa cikin yayyafi, ka bi da kunne. Dijital ko ya zo duka ko allo ya yi baƙi. Kafin a gama wannan lissafi, mai hali a Gesheme ya riga ya kafa faranti a kan soro, ya sayi dikoda da pano, yana kallon Arewa24 da tashoshin wa'azi da ƙwallon Turai, har da Tele Sahel ɗin kanta, daga tauraron ɗan'adam, ba ruwansa da tudu ko kwari.

Wannan bai sa ƙarfe ya zama tarihi ba, shekarun nan sun nuna. A Satumban 2021 hukumomin Najeriya suka kashe layukan salula a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda ƴan bindiga, mazauna bakin iyaka suka koma neman rezon Nijar. A jihar Tillaberi masu ɗauke da makamai sun sha ƙona ƙarafan sadarwa kafin ko bayan hari, don su yanke gari daga duniya. Daren 26 ga Yuli 2023 a Tele Sahel sojoji suka ba da sanarwar karɓar mulki, kamar yadda na 1974 suka yi a rediyo. Ƴan kwanaki bayan haka Najeriya ta yanke lantarkin da ke bin layin Birnin Kabi zuwa Doso da Yamai, layin da ke aiki tun 1976, ba ta mayar ba sai bayan da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024. A waɗancan watanni duk tashar da ba ta da pano ko kuɗin gazuwal ta rage awoyinta.

Hukumomin soja sun dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, sannan BBC na wata uku a Disamban 2024. Irin wannan umarni a gindin ƙarfe ake zartar da shi: a kashe injin FM, a hana tashoshin gida ɗaukar shirin. Ba ya kai ga gajeren zango da ke saukowa daga sama, ba ya kai ga muryar da wani ya tura ta WhatsApp. Wanda ya ajiye tsohon akwatinsa mai gajeren zango ya kakkaɓe shi ya sayi batir. Amma mafi yawan rediyon da ke hannun matasa yau FM kaɗai ke cikinsu, don haka a Dallol Mauri abin da aka ɗora wa ƙarfe mafi kusa, shi ne abin da akasarin mutane za su ji. Lokacin gasar takobi, in Issaka Issaka na Doso ya shiga fili, masu faranti a soro da masu kallo a waya ba su kai yawan waɗanda ke lambu ko bakin rijiya da ƙaramin rediyo a aljihu ba, suna bin kokowar ta bakin mai sharhin Muryar Sahel, muddin akwai mai a gurup.